Malam Tahiru Bai Je Tasha Ba

"Kai dai Sule ba ka jin karatu," in ji Malam Tahiru yana dariya. "Sau nawa za ni gaya maka Kufra ba cikin Sudan take ba? Ƙasar Libiya ce."

Sule, maƙwabcinsa, yana tsugune yana wasa wuƙa a kan dutse. Ragon da za a yanka yana ɗaure a gindin dogon yaro. Hasana, matar Sule, ta fito daga gidan Malam da kwanon ruwa, don tun asuba tana ciki tana taya Ruƙayya, matar Malam, girkin tarba.

"To Malam, duk dai yashi ne," in ji Sule.

"Yashi suna ya tara." Malam ya karɓi kwanon, bai sha ba. Ya ɗaga ɗaya hannun wajen tsohuwar taswirar Afirka da ke manne a bangon zaure. "In ka bar kogin Nilu a Dongola, ka yi arewa maso yamma, babu gari, babu rijiya, sai..."

Sai ya yi shiru.

Hasana ta zaci wani suna yake nema. Kwanon ya karkace, ruwa ya zubo a farar rigar da ya sa don zuwa tasha. Kansa ya sauka a hankali a kan ƙirjinsa, hula ta gangaro ƙasa.

"Malam?" Ta durƙusa. "Malam! Maigida, zo ka gani!"

Sule ya jefar da wuƙa ya rungume shi, yana kiran sunansa, yana karanto masa kalmar shahada a kunne. Wani mai wucewa ya ruga ya kira majo, babban ma'aikacin jinya, daga asibiti. Majon ya zo, ya taɓa wuya, ya buɗe ido ya duba, ya daɗe yana saurare a ƙirji. Da ya miƙe sai ya cire tabaran Malam ya naɗe ya miƙa wa Hasana, saboda ita ce kusa.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Zuciya ce. Zahin bana ya ɗauki tsohi da yawa."

Hasana tana tsaye da tabarau a hannu, ta kasa gane abin da aka ce. Albasar da ta soya ba ta huce ba tukuna. Daga cikin gida tana jin Ruƙayya tana kiran a kawo mata gishiri.

Malam Tahiru ya ƙare ƙuruciyarsa yana koyar da labarin ƙasa a kwalejin Filinge. Bai taɓa ƙetare iyakar Nijar ba, amma duk unguwa wajensa ake zuwa tambaya. In rediyo ta ce an yi juyin mulki a wata ƙasa, ko ana faɗa a gabashin Kwango, ko an rufe iyaka, sai a taru a ƙofar zaurensa ya nuna wurin da tsinke, ya faɗi wa ke maƙwabtaka da wa. Da, abin hira ne kawai. Da yaƙi ya ɓarke a Khartum, inda autarsa Najiba take karatun aikin jinya, sai taswirar ta daina zama abin hira.

Najiba ta gudu Madani, ta yi aiki a wani asibiti. Madani ma ta faɗi, wayarta ta mutu, aka yi watanni babu labari. Wasu a kasuwa har sun fara cewa "Allah ji ƙanta" a ɓoye. Malam bai taɓa yarda ba. Kullum da rediyo a kunne, ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Sai ga muryarta daga Dongola, daga baya Kufra, sai Sabha, sai Agadas. Hasana, wadda ba ta taɓa shiga lakwal, wato makarantar boko, ba, ta haddace sunayen nan duka, don ita ta goyi Najiba tana jaririya, kuma duk gari ɗaya da aka ambata sai ta tambayi Malam ko ya fi na baya kusa. Daga Tawa aka ce hanyar Sanam ba ta biyuwa saboda 'yan bindiga, yarinyar ta zagayo ta Yamai. Yau za ta iso.

Kowa a unguwar ya shirya zuciyarsa ga mutuwa daga can nesa. Ba wanda ya duba ƙofar gida.

Ihun Ruƙayya ya cika layi. Mata suka shigo suna salati, wasu da kwanonin abincin da suka dafa don tarba, ba su san inda za su ajiye ba. Sule ya miƙo wa Hasana hular Malam da wayarsa. Ba ta kai ga ajiye su ba wayar ta fara ruri a hannunta. Ta san hoton da ya fito. Ta zagaya bayan rumbu, ta toshe ɗaya kunnen.

"Baba! Mun iso Baleyara!"

"Najiba, ni ce."

"Inna Hasana! Wayyo muryarki! Yau kasuwa, shanu sun cika hanya, motar tana tahiya kamar hawainiya. Ina Baba?"

Hasana ta dafa bangon rumbu. "Ya ɗan hita, ya bar wayar."

"Wace hayaniya nike ji?"

"Mata ne. Kin san gidanku yau."

Najiba ta yi dariya. "Ki ce mashi na taho mashi da dabinon Kufra, shi ɗanɗana ƙasar da yake ta nunawa da tsinke."

Da wayar ta katse, Hasana ta tsuguna a wurin.

Kafin azahar an yi wa Malam wanka an suturta shi. An kira babban ɗansa Sadiƙ, da ke aiki a tashar jiragen ruwa ta Kwatano. Iyakar Binin a rufe take, sai dai ya ƙetaro kogi da kwalekwale wajen Gaya, kuma ko ya tashi a take ba zai tarar ba. Ya yi kuka ya ce a binne. Liman ma ya ce da an sallame azahar a tafi, gawa ba ta jira cikin irin wannan rana.

Hasana ta ji daga bayan ƙofar zaure. Ba ta taɓa sa baki a maganar maza ba. Ta kira mijinta da muryar da ta san kowa zai ji.

"Maigida, ka roƙar muna Liman. Yarinyar ga ta ratso ƙasa uku da bakin bindiga don ta ga huskar ubanta. Tana bisa hanya tsakanin Baleyara da nan. Ku binne shi ta ishe ƙasa?"



"Hajiya," in ji Liman, "gaggauta jana'iza sunna ce. Kuma kin ga zahi."

"Na gani, Allah gafarta Malam. Akwai ƙanƙara. Mun saye ta don lemun tarba."

Liman ya daɗe yana shafa gemu. "Zuwa la'asar. In an kira salla ba ta iso ba, ba mu da sauran uzuri."

Aka fasa ƙanƙarar aka ƙulla a leda, aka jera gefen makara. Da maƙwabta suka ji, duk mai ɗan abin sanyi a gida ya aiko. Ragon kuwa aka kwance shi aka mayar bayan gida, Sule ya ce sai ranar sadakar uku.

Ruƙayya ba ta da halin fita yanzu, maza kuma suna wajen haƙar kabari. Hasana ta yafa mayafi ta nufi tasha a ƙafa. Ƙasa tana ƙona tafin ƙafa ta cikin takalmi. Ta zauna a rumfar mai shayi, duk motar da ta tsaya sai ta miƙe. Wani direba ya ce mata sojoji suna sauke kowa a shingen da ke gaba da Bonkuku, ana duba kaya ɗaya bayan ɗaya. Tana ta tsara maganar da za ta faɗa, tana rushewa. Inuwar rumfar ta fara miƙewa gabas.

Da motar ta iso, da ƙyar ta gane Najiba. Wata siririyar mace ta sauko cikin baƙar abayar da rana ta cinye, da jaka ɗaya a kafaɗa da takalmin ƙwallo mai igiya. Sai da ta yi murmushi Hasana ta ga wushiryar da ta sani.

Najiba ta faɗa jikinta ta ƙanƙame. Tana rungume da ita, amma idonta yana bayan Hasana, yana bin rumfuna ɗaya ɗaya.

"Ina Baba?"

"Shina gida."

Najiba ta sake ta a hankali. "Ya ce mini ko da rarrafe sai ya zo tasha."

Hasana ta buɗe baki, duk abin da ta tsara ya ɓace. Najiba ta dubi idonta.

"Yaushe?"

"Da hantsi, ɗiyata."

"Sa'ad da na kira?"

"Kahin ki kira da kaɗan. Shina zaune, shina magana, shina dariya. Ko ciwon kai bai ce ba."

"A'a." Najiba ta girgiza kai, kamar mai gyara wa wani lissafi. "A'a, Inna. Nan ba a komi. Nan lahiya lau ake. Ni ce nike inda ake mutuwa."

"Taho, ana jiranki. La'asar ta kusa."

Najiba ba ta yi kuka ba. Ta kama hanya da sauri har Hasana tana binta da gudu-gudu. Layinsu cike yake da maza a kan tabarmi, tsofaffin ɗaliban Malam har da waɗanda suka yi furfura. Suka dare mata hanya, ba wanda ya iya cewa sannu da zuwa.

Ruƙayya ta taso da ihu ta riƙe fuskarta da hannu biyu, tana kiran sunanta tana kiran na mijinta, ta rasa wanne za ta yi wa kuka. Najiba ta zaunar da ita, ta wuce ɗakin da aka kwantar da Malam. Hasana ta bi ta. Ƙanƙarar ta narke, ruwa ya jiƙa daɓe. Najiba ta durƙusa ta kwance likkafani daga wajen fuska. Ta sa yatsu biyu a wuyansa, ta jira, kamar yadda aka koya mata. Ta daɗe a haka. Sannan ta janye hannun ta shafa gemunsa.

"An yi mashi wanka?"

"An yi."

"Likkahanin sabo ne?"

"Sabo ne, ɗiyata."

"Kuma duk mutanen ga da ke waje salla za su yi mashi?"

"Duka."

Najiba ta gyaɗa kai. "Alhamdu lillahi. A Madani cikin zanen gado munka riƙa sa su, bayan asibiti. Wasu ba mu san sunansu ba." Ta mayar da likkafanin ta ɗaure da kanta. "Baba, na iso."

Ladan ya kira la'asar. Maza suka shigo suka ɗauki makara, gidan ya sake rikicewa da kuka. Najiba ta tsaya a tsakar gida har sawun ƙafafu ya yi nisa. Aka kawo mata ruwa ta sha, aka kawo abinci ta ce sai an jima. Ta zauna a tabarma kusa da uwarta ta jingina da bango, jakar tana kan cinyarta. Mata suna shigowa gaisuwa, tana amsawa da "amin", muryar tana ƙara yin ƙasa, har Hasana ta ga kanta ya kwanta a kafaɗar Ruƙayya.

Hasana ta matso a hankali ta kama igiyar takalmin za ta kwance. Najiba ta fizge ƙafarta cikin barci, ta naɗe ta ƙarƙashinta, ta ƙara damƙe jakar.

Hasana ta bar mata takalmin. Ta ɗauki mafici ta zauna tana yi mata fifita.