Wuyan Ƙaguwa

Shatu tana tsince shinkafa Abdulmajid, abokin aikin mijinta, ya bugo waya. Mijin nata, Lado, ya faɗo daga hawa na huɗu a wurin gini a unguwar Safa da ke Jidda, ya cika kafin a kai shi asibiti. Ta ce, "To." Ta kashe wayar. Abin da ya fara faɗo mata a rai shi ne bokiti.

Kwana tara kafin nan, a hutun Babbar Salla, Lado ya ari mota ya kai su bakin teku a Shu'aiba, ita da 'yarsu Lama. Shekararsa goma sha takwas a Jidda, bai taɓa tsoma ƙafa a ruwan ba. Ya ga wasu 'yan Filifin suna kama ƙaguwa da naman kaza ɗaure a zare, ya ce yau iyalinsa za su ci abin da ya kamo da hannunsa.

Ta farko ta datse masa yatsa. Ta biyu ta tsere da naman. Sai la'asar ya tara huɗu a bokiti. Ya zaro wuƙa, ya fuskanci alƙibla, yana ta jujjuya ɗaya.

"Wai ina wuyanta yake?"

Lama ta faɗi a yashi don dariya. "Ya Baba, halas! Ba a yankawa. Da ranta ake jefa ta a ruwan zafi."

"Da ranta?" in ji Shatu. "Ba a tukunyata ba."

"Haba Maman Lama. Dubi yatsana. Ki dafa mini ko ɗaya ce."

"Baban Lama, abin da ba a yanka ba ba na dafawa."

Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya kai bokitin bakin ruwa ya kifar. Da ya dawo ya miƙa mata wata farar katantanwa mai faɗin cokali da ya tsinta.

"Wannan dai ba ta cizo. Amma baɗi sai kin dafa."

Suka ci shinkafar da ta zo da ita daga gida, ta riga ta huce.

Bayan sadakar bakwai ta tambayi wani malami a unguwarsu, Kurayyat. Ya ce abin da ya fito daga teku ba ya bukatar yanka. Ta yi godiya ta koma gida.

Katantanwar tana cikin gwangwanin gishiri. Kullum da ita take auna na miya. A da, ɗaya da rabi take zubawa. Yanzu ɗaya ta ishe su.