Mai Leƙen Shafin Baba Irimiya

Wurin da kafe ɗina yake a Shango yanzu shagon katifa ne. In na wuce a keke sai na juya na kalla, alhali na san ba abin da zan gani sai katifu a jingine. Yaran da suka tashi da intanet a aljihu ba za su gane ba. A wajajen 2011, in kana son intanet wanka kake yi, ka sa kaya, ka zo wurin Theresa, wato ni, in yanka maka tikiti, ka zauna kana jiran shafi ya buɗe, janareta yana ta kuka a bayan ɗaki. Kai, ina kewar wannan hayaniyar, har da warin fetur ɗin.

Akwai mutum biyu da suka mayar mini da shago ofishinsu, Gimba da Jiya. Tare suka gama jami'a, tare suke gina wa makarantu da otal-otal shafukan intanet, amma ko a kan launin fenti ba su taɓa yarda da juna ba. Na kore su ya fi a ƙirga. Washegari sai su dawo da soyayyiyar doya a takarda, ni kuma ba na iya fushi da doya.

Wata rana sai ga Baba Irimiya, tsohon ma'aikacin reluwe, mutumin kudancin Kaduna, cocinmu ɗaya. Kowa ya san labarinsa. Bayan rasuwar matarsa Mary, ɗansu tilo Eric ya bar karatu ya kama kiɗa, uban ya faɗa masa magana mai zafi, yaron ya ɗauki jaka ya fita. Shekaru suka tafi ba wasiƙa ba waya. Baba ya yi ritaya, ya bar gidan reluwe ya kama ɗaki a Shango, inda Eric bai sani ba.

Ya zauna kusa da teburina ya ce ya ji wai duk wanda ya rubuta sunansa a kwamfuta yana ganin abin da aka rubuta a kansa. Yana so a rubuta masa wani abu, ko Eric zai nemi sunansa wata rana. Sannan ya rage murya.

"'Yata, likita ya ce hawan jinin ido ne. Na hagu ya riga ya tafi, na dama yana kan hanya. Ina so in ga yaron nan da idona kafin ya rufe."

A ranar Gimba da Jiya suka gina shafin. Suka sa hoton Baba cikin kakin reluwe, fuska a murtuke, da dogon rubutu wanda ya fara da yafiya ya ƙare da wa'azi. Lambar waya tana ƙasa, sai wani ɗan wurin dannawa da ke kai mutum shafi na biyu, na tarihin iyali. Muka jira ya kwana biyu, na rubuta sunan Eric Irimiya a Google. Wasu can suka fito. Na yi ta danna gaba har yatsana ya gaji, ban ga namu ba.

Nan gardama ta tashi. Gimba ya ce Google kamar dangin amarya ne, ba sa jin abin da kake faɗa a kan kanka, tambaya suke yi wa ya san ka. In wasu shafuka suka sa linki, wato wurin da za a danna a faɗo naka, to sun tsaya maka shaida ke nan, sai a ɗaga ka sama. Jiya ya ce wannan tsohon yayi ne. A cewarsa, yanzu abin da ake kallo shi ne halin baƙi: in mutane suna shigowa su juya ba tare da sun ƙara gaba ba, sai a ɗauka gidan ba komai, a tura shi baya. Shi yana kiran abin bawuns, mu muka sa musu suna 'yan leƙe. Yana da wani allo da ke nuna masa daga wane gari mutum ya shigo, ta wace hanya, da ko ya juya.

Gimba ya yi ta aika saƙon roƙo ko'ina. Ba wanda ya kula shi sai ƙungiyar tsoffin ɗaliban sakandaren da Eric ya yi, su suka sa linkin a shafinsu. Jiya ya yi dariya har da riƙe ciki, wai shaida ɗaya tal. Daga nan ya tafi Kagara wani aiki, ya bar mu da maganar 'yan leƙe a kunne.

Baba ya kai maganar wurin Mama Mercy, shugabar Zumuntar Mata ta cocinmu, ita kuma ta fahimce ta yadda duk macen kirki za ta fahimta. Mutane su zo gidan dattijo su juya ko zama ba su yi ba? Ta ce wannan rashin tarbiyya ne, kuma ba za a yi shi a gabanta ba. Ranar Alhamis bayan taro sai ga su cikin zanen zumunta iri ɗaya, sun cika mini shago. Na buɗe musu shafin a kowace kwamfuta, ban yanka wa kowa tikiti ba. Suka gaishe da hoton, suka zauna, hannu a cinya. Wasu suna rera waƙa a hankali, wata ta fito da agushi tana ɓarewa. Ba wadda ta taɓa maus balle ta danna wani abu, don baƙo ba ya yawo a gidan mutane. Sai da suka yi zama mai kyau, suka yi addu'a, suka yi wa hoton sallama.

Haka suka yi ta yi duk Alhamis. Masu zuwa cike fam ɗin jarrabawa suna tsaye a waje suna gunaguni, na ce duk wanda ya gaji hanya a buɗe take. Wallahi ban taɓa jin daɗin shagon nan kamar a kwanakin ba.

Da Jiya ya dawo ya buɗe allonsa sai ya dafe kai. Ashe kwamfuta ba ta san zama ba. Ko ka wuni a shafi, in ba ka danna ka shiga na biyu ba, ɗan leƙe ne kai a wurinta. Matan nan duka an rubuta su cikin marasa tarbiyyar da suka zo gyarawa. Ranar na sauke wa Jiya duk abin da ke bakina, na ce shi da ya san haka me ya hana shi bayani kafin ya kwashi ƙafa ya tafi Kagara. Da aka gaya wa Mama Mercy, ta ce ai ba wanda ya ce musu su shiga ciki.

Ana cikin haka idon Baba yana ƙara tafiya. Kullum da hantsi yana zuwa ya zauna gefen teburina, wai yana gadin shafin. Na lura in na miƙa masa kofin ruwa hannunsa yana wuce kofin. Tsoro ya kama ni, amma ban nuna masa ba.

Wata Litinin Jiya yana ta mita. Ya ce bayan matan zumunta akwai wani mutum a Fatakwal da ke ɓata masa lissafi. Duk Lahadi da yamma sai ya shigo ta linkin tsoffin ɗalibai, ya juya, bai taɓa danna komai ba. Gimba ya ce ko ba komai shaidarsa ɗaya tana kawo baƙo. Sun fara ɗaga murya ke nan Baba ya ɗaga hannu, ya ce Jiya ya maimaita. Ya maimaita: yana zuwa, yana tsayawa, yana komawa.

"Shi ne," in ji Baba.

Ya ce tun Eric yana ƙarami, in ya yi laifi ba ya gudu nesa. Zai zo bakin ƙofa ya tsaya, in ya hango uban a zaune da fuska a ɗaure sai ya juya, can ya sake dawowa. Ba ya shigowa sai uwar ta leƙa ta ce masa tuwo zai huce. Baba ya share fuska da hularsa ya ce ashe shi ne ya zauna a bakin ƙofa da kakin reluwe yana korar ɗansa.

Ni na goge wa'azin nan da hannuna, kuma na ji daɗin gogewa. Aka cire hoton kaki. Na tuƙa tuwon acca da miyar karkashi, Gimba ya ɗauki Baba hoto a ƙofar ɗakinsa, zaune a tabarma, kwano biyu a gabansa. Aka sa hoton a shafi na ciki, tare da lambar waya da cewa a tambaya a kafen Theresa a Shango. A shafin farko ba a bar komai ba sai sunan Eric da layi ɗaya da za a danna: Shigo, tuwo zai huce. Na roƙi Baba a sa maganar ido, ya ƙi. Ya ce ba ya so yaron ya dawo don tausayi.

Lahadin farko mutumin Fatakwal ya zo, ya juya. Na ji kamar in je Fatakwal in jawo shi da kunne. Litinin ta gaba Jiya ya buɗe allo, ya miƙe tsaye a hankali, ya ce mutumin ya shiga ciki. Baba ya fito da wayarsa ya ɗora a gwiwa. Ba ta yi ƙara ba, ranar ko washegari. Na zagi Eric a zuciyata iya zagi.

Shafin dai har na rufe kafe bai taɓa hawa sahun farko a Google ba. Gimba da Jiya kuwa har yau in sun haɗu a biki sai sun tayar da maganar, wannan ya ce linkinsa ne ya kawo yaron, wancan ya ce allonsa ne ya gano shi. Ni ban san wa ya fi gaskiya ba, kuma na daina tambaya.

Abin da na sani shi ne wata rana da azahar, an kawo wuta shago ya cika, wani mai gemu da jaka a kafaɗa ya tsaya mini a ƙofa. Bai shigo ba, bai tafi ba. Na ɗauka mai neman tikiti ne, na daka masa tsawa na ce in zai shigo ya shigo, ya tare mini haske. Ya tako ƙafa ɗaya ciki.

"Baba, na zo," in ji shi.

Baba Irimiya yana zaune gefen teburina. Ya tashi yana lalube, ya kama hannun rigar mutumin, ya ja shi waje tsakiyar rana. Duk shagon muka bi su. Ya juya fuskar Eric ta fuskanci haske, ya riƙe ta da hannu biyu, ya karkata kai ya kawo idon dama kusa. Ya daɗe yana kallo, daga goshi har gemu. Eric yana kuka, ni ma haka, ba na ɓoyewa.

"Na gan ka," in ji Baba. "Yanzu idon ya tafi in ya ga dama."

Kafin Ista idon ya rufe. Eric ne yake riƙo hannunsa zuwa coci.