Ƙwayoyin Filomina

Da sankarar ƙwan mahaifa ta dawo wa Filomina, ta zaɓi shan ƙwayoyi a gida a Malikanchi. Fetur ya yi wuya, soja sun tsare gidajen mai, ga ƙarin ruwan asibitin Zariya kan kwantar da ita mako guda. Da ƙwayoyin kuwa har ɗinki take yi.

Ran Lahadi ta tarar kwalbar ta ragu. Mijinta ya ce maƙwabci ke ciwon ciki, ya ɗibar masa, ai waɗannan ba su da ƙarfi, magani mai ƙarfi a jijiya ake sa shi.

Ta ce, "Baban Nehemiya, je ka karɓo kafin ka kashe mutum. Gashina da ka ga ya zube, maganin ciwon kai ne ya zubar da shi?"