Kitson Adda Keturah

Ku yi mini afuwa, ni ba marubuciya ba ce. Karatu kawai na iya, shi ma a ɓoye. Amma abin nan ya ƙi barin raina.

Lokacin yaƙin basasa ne. Apollos, mijin yayata, soja ne, an kai shi bakin daga, shiru babu labari. Yayar tawa, Adda Keturah, ta haihu a ɗakinmu na haya a unguwar Limawa, sai nono ya ƙi zuwa. Jaririn ya kama, ya ja, ya saki, ya tsala ihu. Ita kuwa kafaɗunta sun ɗage, haƙora a cije, hankalinta na kan rediyon maƙwabta.

Gogo, ƙanwar uban Apollos, ta zo daga Numan. Ta ɗura mata kunun kanwa har ta yi amai.

"In nono bai zo yau ba, da yaron zan hau mota," in ji Gogo. "Akwai mai shayarwa a gidanmu."

Mata suka cika ɗakin, kowacce da maganinta. Wannan ta matsa, waccan ta leƙa. "Ya zo?" Adda ta girgiza kai, gumi na bin wuyanta.

Sai ga Yagana, matar mai gidan, 'yar Barno. Ko kallon ƙirjin ba ta yi ba.

"Wannan kai ne ko sheƙar tsuntsu? Ku fita, kitso zan yi."

"Kitso?" in ji Gogo. "Yaro na fama da yunwa!"

"To, tsayuwarki ta ƙosar da shi?"

Ta kore su, ni ta bar ni riƙe da jaririn. Ta zaunar da Adda tsakanin ƙafafunta, ta shafa man shanu, ta fara tsaga, tana ba ta labarin ranar da mijinta Mele ya faɗa kogi yana koya wa masunta tuƙin kwalekwale. Adda ta yi dariya, dariyar ta koma kuka. Yagana ba ta hana ta ba. Ina kallo kafaɗun suka sauka a hankali. Kafin kitso ya kai ƙeya, gaban rigarta ya jiƙe.

"Kezia, miƙo shi," Yagana ta ce mini ƙasa-ƙasa, hannunta bai bar gashin ba.

Na ji yana haɗiya. Gogo ta leƙo, ta daɗe tsaye, sannan ta ninke zanin goyon da ta ɗauko don tafiya da yaron.

Idona ya cika. Na ɗauki takalmana a hannu don kada in yi motsi, na sulale ta bayan Gogo na fita.