Hoton da Kalla Ya Aika Gida

Radiyya ba ta san fuskar mahaifinta Kalla ba. Kalla ɗan dako ne a tashar jiragen ruwa ta Treichville a birnin Abijan, ya rasu tana rarrafe. Bayan sadakar arba'in wani malami ya ce mala'iku ba sa shiga ɗakin da aka rataye hoto, sai mahaifiyarta Mero ta sauke hotunansa duka, ta zuba a cikin kwalla, ta tura can ƙarƙashin gado. Duk ran da Radiyya ta tambaya, amsar ɗaya ce: "Sai kin girma." Har ta yi aure ta haihu, a wurin Mero ba ta girma ba.

Sai ruwan watan Yuni ya zo. Kwatoci suka cika, ruwa ya shigo tsakar gida har gwiwa. An ɗaga katifa, an ɗaga talabijin, har turmi ya samu mai ceto, amma ba wanda ya tuna da kwalla. Da ruwa ya janye suka tarar hotunan sun manne kamar an dama su da koko. Mero ta samu ta ɓanɓaro guda, ta sa bakin zaninta don ta goge laka. Laka ta fita, fuskar Kalla ma ta biyo zanin.

Radiyya ta yi kuka, kukan haushi. Abin da ta yi shekaru tana zagayawa, ga shi ya narke a gabanta ba ta gani ba. Dogo ne? Yana da gemu? Wa ya ba ta wannan faffaɗan goshin?

Ta tafi Adjamé, babbar tashar motoci, inda Jabiru abokin marigayin yake sayar da tikiti. Ta same shi yana rigima da fasinja a kan buhun goro.

"Kawu, ko kana da foton Baba?"

"Ni? Ruwan bara ya cinye nawa. Amma ke, ɗan ci-rani bai taɓa wanke foto ɗaya ba. Biyu ake yi, ɗaya na ɗaki, ɗaya a ba direba ya kai gida, don dangi su ga ana raye. Goggonki Balaraba tana Kano, kuma can ruwa ba ya bin mutane har gado kamar na Abijan."

Aka ba wani direba sallahu. Radiyya ta mai da tasha wurin zuwanta, har 'yan kamasho suka fara tsokanarta, wai ko mota za ta saya. Damina ta kusa ƙarewa kafin direban ya dawo da ƙullin leda, an naɗe shi kamar laya. Goggo ta ce aro ne, a wanke wani a maido mata nata.

Radiyya ba ta buɗe a hanya ba, sai da ta zauna kusa da Mero. Ga mutum siriri cikin babbar riga wadda ta yi masa yawa, a bayansa zanen jirgin sama. Yana rungume da jaririya. Amma ya sunkuyar da kai yana kallon jaririyar, ba a ganin komai sai hula, goshi da gefen murmushi.

"Inna, ai ba a ganin fuskar! Babu wani?"

Mero ta karɓa, ta daɗe tana kallo, ta yi dariya har hawaye ya zubo.

"Ran sunanki ne. Rigar ma ta mai foto ce. Mutumin nan ya yi ta fama da Faransancinsa, Musye ɗago, Musye dubi nan. Ubanki ya ce shi bai ga abin kallo a can ba."