Lotsattsen Agogon Baba

Maigidana Suhaimi agogon aljihu talatin da ɗaya gare shi, duk na tsofaffin ma'aikatan reluwe, amma ko ɗaurin aurenmu sai da ya makara. Kuma duk wannan tarin saboda guda ɗaya ne: na mahaifinsa, direban jirgin ƙasa a nan garin Gemas. A zamaninsu agogon na hukumar reluwe ne, ranar ritaya ka mayar. Da aka yi gwanjonsu, na Baba ya bi duniya. Suhaimi ya rantse sai ya damƙa shi a hannun Inna Kalsom, mahaifiyarsa, tun tana da rai.

Shekara tara yana nema. Irin masu tara agogon nan kuwa akwai tsirfa, ko ƙwarzane suka gani a murfi sai su yatsina fuska. Shi ma sai sumul yake saye. Bai taɓa nuna wa Inna ko ɗaya ba, wai ba-zata zai yi mata.

Da ta fara jin jiki na ce masa, "Malam, shekarar Inna tamanin da huɗu fa. Ba-zatar taka wa za ta riska?"

Ya kwashe su a faranti ya kai mata. Ta bi su da yatsa ɗaya bayan ɗaya, ta taɓe baki.

"Waɗannan ai ba su taɓa aiki ba. Na ubanka a lotse yake ta gefe."

"A lotse, Inna?"

"Kai ka lotsa shi, ja'iri! Kana wata goma ka fizge ka maka da dandamalin tasha. Aka ce ya kai a buge masa, ya ce a'a, hannun ɗansa ne."

Wallahi sai da ya ba ni tausayi. Ashe akwai wani lotsattse a shagon Ah Seng, tsohon mai gyaran agogo a birnin Ipoh. Shekara shida yana yi masa tayinsa, gogan naka yana cewa tarkace ne.

Jirgin safe muka bi. Ah Seng ya leƙo ta saman tabarau.

"Af, mai tsirfa! Yau tarkacen ake so? Ai na cinye kayan cikinsa wajen gyaran wasu, ƙoƙon ne ya rage."

 Suhaimi ya zaro agogon da ya fi ji da shi, wanda ko taɓawa ba ya bari in yi.

"Farke wannan, ka zuba kayansa a ƙoƙon."

"Kai! Ka san irinsa nawa suka rage a ƙasar nan?"

"Farke, dattijo."

Inna na kishingiɗe muka dawo, ya miƙa mata agogon. Ko dubawa ba ta yi ba, babban yatsanta ya tafi kai tsaye ya zauna cikin lotsawar. Ta kara shi a kunne, ta daɗe tana saurare.

"Muryar ba tasa ba ce," in ji ta. "Amma bar min shi nan."