Wuyan Babur

Yana zare notin ƙarshe, ƙananan ƙwallayen ƙarfe suka zubo daga wuyan babur ɗin, suka watse a kan siminti. Tsohon mai raba wasiƙu ya tsaya da sifana a hannu yana bin su da ido. Ɗaya ya shige ƙarƙashin kujera, ɗaya ya nufi ƙofa a hankali kamar wanda aka aika.

"Ga 'ya'yanka can sun gudu," in ji matarsa daga bakin kicin.

"Ƙyale su. Su ma sun yi ritaya."

Wata uku ke nan kan babur ɗin yana rawa a hannunsa. 'Yarsu, ma'aikaciyar jinya, ta ce ba babur ba ne, hannunsa ne. Shi kuwa ya dage boris ɗin wuya ne, wato ƙwallayen nan da zobbansu, ya cinye. Suka yi alkawari a gaban uwar: zai canza boris, in rawar ba ta daina ba, zai miƙa makulli.

Ya doko tsohon zoben da ƙwallayen ke gudu a ciki, ya shafa shi da yatsa. Ashe sun haƙa wa kansu 'yan ramuka, daidai inda kan babur yake zama in ya miƙe. Masana sun ce ƙarfe ba ya tuna komai. Su dai suka sani. Shi da ya rufe ido, sai ya ga doguwar hanyar nan mai bishiyoyi, jakar wasiƙu tana dukan cinyarsa, wata mata tsaye a ƙofa tana goge hannu tun kafin ya tsaya. Shekara talatin, duk ga su nan a ƙarƙashin yatsa ɗaya.

"Ina sababbin zobbana?"

"Suna firiza tun jiya, su da kifina."

"Sanyi ke sa ƙarfe ya tsuke, ya shiga ba gardama."

"Da na sani, ai da tuni na saka ka ciki."

Ta kawo su a faranti, suna fitar da tururin sanyi. Ita ta riƙe katako, shi ya buga guduma, don idan ya riƙe da kansa katakon ba ya tsayawa. Sabon boris ɗin ba ƙwallaye ba ne, 'yan sanduna ne jere cikin keji. Ya cika su da giris, ya ɗaure, ya sassauta, ya sake ɗaurewa. Da ya taɓa kan babur da ɗan yatsa, sai ya juya shiru kamar ganye a kan ruwa.

Da la'asar ya tayar, ya fita.

Bai taɓa jin babur ɗin haka ba. Babu ƙara, babu cijewa. Shaguna suna wucewa kamar a mafarki. Amma kafin ya kai kwanar farko, tayar gaba ta fara rubutu a kan titi, hagu, dama, hagu. Ya dubi hannuwansa. Duk abin da suka faɗa, tayar maimaitawa take. Sai ya gane. Ramukan nan da ya zarga, su suke riƙe masa hanya. Tsohon wuyan ya daɗe yana rufa masa asiri, shi kuma yau ya cire shi da guduma.

Ya sauka. Ya turo babur ɗin har gida, inuwarsu tana gaba.

'Yar ta dawo daga aiki, tana zaune da takalmanta a hannu.

"Baba, mutuwa ya yi a hanya?"

"Wa? Wannan? Ai ya fi ranar da na saye shi lafiya."

Ya jingine shi, ya goge tankin da hannun riga. Sannan ya zare makullin, ya ajiye a farantin da zobban suka zo a ciki.

Matarsa ta miƙo masa wani abu. Ƙwallon nan ne da ya nufi ƙofa.

"A bakin titi na tsinto shi," ta ce.

Ya karɓa, ya jefa a aljihu.